Darasin Sana'a: Mota Ta Kasa Hawa Tudu, Shin Tabo Ne Ya Mutu?

Daga kaka zuwa tsakiyar rani, hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Kurfi ta shiga Dutsin-Ma ba ta hutawa. Kanta da gingimari suna kwasar gero da dawa da wake zuwa kasuwanni. Tifa tana jigilar yashi. Masu noman rani a yankin madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama ginawa a 1983, suna neman motar da za ta fitar musu da kayan lambu kafin su lalace. A daidai wannan lokaci ne kuma ƙurar hunturu ke sauka, kuma a lokacin ne ake yawan jin kuka iri ɗaya a gareji: "Oga, motar nan ba ta ja. Da na zo hawa sai ta mutu a hannuna, ga hayaƙi kamar ana gasa tukwane."

Amsar da direba ya fi samu gajeruwa ce: "Tabo ne ya tafi." Daga nan mai mota ya shiga neman rance, a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo wani. A ɗaura, a yi lodi, a zo tudun nan na jiya, mota ta sake yin abin da ta yi jiya. Kuɗi sun tafi, kwana uku na aiki sun tafi, tumatirin mutane ya ruɓe, ciwo kuwa yana nan inda yake. Sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba. Tabo yakan mutu, gaskiya ne, amma shi ne ya kamata a tuhuma daga ƙarshe, bayan an wanke abubuwa da dama da suka fi shi araha.

Mene ne tabo?

A jikin mota ko tarakta ana rubuta kalmar da manyan baƙaƙe kamar haka: TURBO. Makanikai suna cewa tabo. Ba shi da dangantaka da tabon da rauni ke bari a fata, balle taɓon damina.

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san rabin darasin nan. Gawayi yana iya cika murhu, amma in ɗan zuga ya yi sanyi da zugazugi, wuta ba za ta yi ja ba, sai hayaƙi. Inji ma haka yake. Man gas shi ne gawayi, iska kuwa dole a kawo ta. Lita 1 ta man gas tana bukatar iska wajen lita 10,000 kafin ta ƙone sarai, watau cikin duro 50 irin mai lita 200. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, don injin gas yakan sha fiye da haka. Injin da ba shi da tabo da kansa yake zuƙo iskarsa. Mai tabo kuwa tura masa ake yi. Tabo shi ne zugazugin inji.

Yadda aka ƙera shi abin sha'awa ne. Fanka ce guda biyu a kan sanda ɗaya, kowace a cikin ɗakinta mai kama da katantanwa. Hayaƙin da ke fita daga inji, wanda da zai tafi a banza, shi ke bugun fankar farko ta juya. Da yake sandarsu ɗaya, fanka ta biyu ita ma sai ta juya, ta jawo iska daga waje ta danna ta cikin inji. Iska ta ƙaru, sai a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Sandar nan tana juyawa sau 100,000 ko fiye a cikin minti ɗaya, a ƙananan motoci ma takan kai sau 200,000. Ba ta kwance a kan komai sai siririn shafen baƙin mai da inji ke turo mata. Ɓangaren hayaƙi kuma yakan yi zafin da ya wuce digiri 600 in mota tana jan kaya. A riƙe waɗannan abubuwa biyu, gudu da zafi, za a bukace su nan gaba.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Manyan injuna irin na jiragen ruwa suka fara amfana da ita, sa'an nan manyan motoci daga 1938. Misalin amfaninta yana nan kusa. Tsohuwar Marsandi 911 mai gajeren hanci, wadda ta daɗe tana dakon hatsi a ƙasar Hausa, tana da inji mai silinda 6 da ake kira OM 352, mai ƙarfin doki wajen 130. Wannan injin dai da aka sa masa tabo, aka kira shi OM 352 A, ya kusa doki 170. Haka tarakta Massey Ferguson 240 da 260 irin waɗanda ake harhaɗawa a Pakistan: girman injinsu ɗaya, silinda 3, amma ta farko doki 50 ce, ta biyu mai tabo doki 60.

A yi tambaya kafin a ɗauki sifana

Makaniken kirki yakan fara da baki. Zai tambayi direba: ƙarfin nan lokaci guda ya ɗauke, ko kuwa a hankali ya riƙa raguwa? In lokaci guda ne, musamman in an ji wani "fuf" sa'an nan mota ta yi sanyi, mai yiwuwa tiyo ne ya fashe ko ya kwance. In kuwa mako da makonni abin yana ƙaruwa, hankali ya koma kan abin da ke toshewa sannu a hankali, watau matacin iska da matacin mai. Zai kuma tambaya ko an taɓa injin kwanan nan, don yawancin ɗaurin da ya saki, hannun mutum ne ya bar shi a sake.

Sai launin hayaƙi, wanda shi ne babban shaida. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa: ana zuba gawayi, zugazugi ba ya aiki. A nemi inda iska ke tsayawa ko inda take tsiyayewa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da warin ƙonannen mai yana nufin baƙin mai na shiga wuta. In kuwa mota ba ta da ƙarfi amma salansa tas take, babu hayaƙin a-zo-a-gani, to galibi ba iska ce ta yi ƙaranci ba, man gas ne ba ya isowa. Wannan na ƙarshe yana ruɗin mutane ƙwarai, za a dawo kansa.

Kunne ma yana da aikinsa. Tabo mai lafiya yana ɗan fito siriri da ke tashi tare da totur. Huci mai ƙarfi kamar taya na sacewa alama ce ta iska na fita inda bai kamata ba. Kuka irin na jiniya, ko ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe, wannan daga cikin tabo ne, kuma ba a ci gaba da tafiya da shi.

Akwai kuma abubuwan da ba ruwansu da inji sam, amma suna sa a zargi tabo. Birki da ya kama yana riƙe mota. A taɓa kusa da kowace ƙafa bayan tafiya, wadda ta fi sauran zafi ita ce. Kuloci da ya cinye yana sa inji ya yi ta ruri mota ba ta ƙara gudu. Sai lodi. Motar da aka ƙera don tan 10 in aka ɗora mata 18, babu tabon da zai hau da ita tudu a giyar da ta saba, kuma wannan ciwo ba a gareji ake maganinsa ba.

Gani ya kori ji

Kafin a ce iskar tabo ta ragu, sai a auna ta. Ma'aunin irin na mai facin taya ne, mai allura da lambobi, sai dai ana son mai ƙananan lambobi don a ga motsin allurar sosai. Ana jona shi da siririn tiyo a bututun da ke shigar da iska cikin inji, a jawo tiyon har cikin gaban mota. Lambobin iri biyu ne, wasu an rubuta musu bar, wasu psi. Bar 1 daidai yake da psi 14 da rabi. Tsofaffin injuna da yawa suna ba da tsakanin rabin bar zuwa bar 1, manyan motocin zamani kuwa sukan kai bar 2. Kowane inji da nasa adadin, yana cikin littafin kamfanin da ya ƙera shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsai da mota a gareji, a taka totur, a ga allura ba ta tashi ba, a ce tabo ya mutu. Tabo ba ya nuna ƙarfinsa sai inji na wahala, don sai an ƙona mai da yawa ake samun hayaƙin da zai kora fanka. Saboda haka a kan hanya ake awo, da kaya a mota, a kan hawa, totur a ƙasa. Yaron mota ya karanta allura, direba ya dubi gabansa. In babu littafi, a sami wata mota irinta mai lafiya, a auna ta a tudu ɗaya da kaya kusan ɗaya, a gwada lambobin biyu. In lambar ta cika, an wanke tabo da dukkan tiyoyinsa, sai a nemi matsala a wani wuri. In ba ta cika ba, a bi hanyar iska daga inda take shiga.

Matacin iska

Nan ne ya kamata a daɗe, don a ƙasa mai ƙura kamar tsakiyar Katsina nan ne ciwon ya fi kwana. A tuna da duro 50 na iska ga kowace lita. Motar da ta sha lita 100 a yini ta jawo iskar duro 5,000 ko fiye, kuma duk ta cikin wannan takarda mai ninki-ninki ta bi. A watan Disamba ko Janairu, a hanyar burji, a bayan wata mota, ko tarakta tana haro a busasshiyar gona, matacin da littafin Turai ya ce zai yi watanni yana iya toshewa cikin 'yan kwanaki.

A cire shi a duba. Wasu motoci suna da ɗan ma'auni a jikin gidan mataci da ke nuna ja in ya toshe. Ba a buga mataci a jikin taya, don bugun yana tsaga takardar. Ba a wanke na takarda da ruwa ko fetur. In za a hure shi, daga ciki ake hurawa zuwa waje, da iska marar ƙarfi. Bayan haka a sa tocila a cikinsa a wuri mai duhu. In haske ya fito ta wani huji ko da kamar bakin allura ne, ya gama aiki. Manyan motoci da taraktoci sukan zo da mataci biyu, babba da ƙarami a cikinsa. Ƙaramin ba a hure shi, canza shi ake yi. Tarakta mai mataci irin na kwanon mai kuwa, a zubar da man da ya zama laka, a wanke kwanon, a zuba sabo daidai layin da aka yi alama.

Wasu direbobi in sun ga mota ta farfaɗo da aka cire mataci, sai su jefa shi bayan kujera su ci gaba da aiki. Wannan ganganci ne mai tsada. Fankar da ke juyawa sau 100,000 a minti, ƙwayar yashi a wurinta kamar tsakuwa ce. Cikin ɗan lokaci bakin fukafukanta zai cinye, ƙurar kuma ta wuce ta ci zoben fistin. Wanda ya guje wa kuɗin mataci ya sayi na tabo da na inji gaba ɗaya.

Tiyon da ke tsakanin mataci da tabo shi ma a matsa shi da hannu. In ya tsufa ya yi laushi, yakan shafe kamar tsinken shan lemo da aka zuƙa da ƙarfi, amma sai inji na jan kaya yake yin haka. A gareji ya koma kamar lafiyarsa lau.

Inda iska ke tsiyayewa

Daga tabo iska tana bin tiyoyi da bututu zuwa inji. A motoci da yawa takan fara ratsa wani abu mai kama da lagireto da ke gaban mota, don iskar da aka matsa takan yi zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa, kuma iska mai sanyi ta fi cika silinda. Kowace gaɓa a wannan hanya tana iya zubarwa. Jan ruwa ne da guga mai huji: mai ja yana wahala, abin da ke isowa kaɗan.

Alamar farko ido ke ganinta. Iskar tabo tana ɗauke da ɗan tururin mai, don haka duk inda take fita sai wurin ya yi damshi, ƙura ta manne ta yi baƙi. A bi tiyoyi da hannu har ƙarƙashinsu, inda suke gugar ƙarfe. In ido bai gani ba, a kashe inji, a toshe bakin hanyar, a sa iskar mai faci kaɗan-kaɗan, kada ta wuce bar 1, a yayyafa ruwan omo a kowace gaɓa. Inda kumfa ta taso, nan ne. Kada kowa ya tsaya saitin abin da aka toshe bakin da shi, don yakan yi tsalle.

Alal misali, a ɗauki mai kanta da ya taso daga Kurfi da buhunan gero, mota ta yi ta baƙin hayaƙi har ya lallaɓa ya iso gareji a Dutsin-Ma. Yaron gareji yana jin hucin sai ya ce, "Maigida, tabo ne, in kwance?" Maigidan ya ce, "Kawo ruwan omo tukuna." Aka sami tsaga mai tsawon ɗan yatsa a ƙarƙashin tiyo, inda ya daɗe yana gugar wani noti. Tsagar rufe take in inji na silo, sai iska ta matsa take buɗewa. Da yaron ya kwance tabo, da zai same shi da ɗan mai a baki, kamar yadda kowane tabo yake, da kuma an yanke masa hukunci a kan laifin da bai yi ba. Irin wannan tiyo ba a ɗaure shi da robar tayar keke a ce an gama. Roba ta kai mota gida, amma tiyon a canza shi.

Ɓangaren hayaƙi

Tabo da hayaƙi yake aiki. In hayaƙin ya sami wata kafa ya fita kafin ya kai ga fanka, fanka ba za ta yi gudu ba. A duba bututun da ke tattara hayaƙi daga kan inji, da gaskit ɗinsa, da wanda ke ƙarƙashin tabo. Alamar ita ce baƙin kunkunniya a gefen gaɓa, ko notin da ya karye, ko ƙarar "tif-tif-tif" da safe wadda ke raguwa in inji ya yi zafi. Haka kuma in salansa ta toshe ko ta lanƙwashe saboda dutse ya buge ta, hayaƙi ba shi da mafita, fanka ta yi nauyi.

Tabo da yawa suna da wata 'yar ƙofa a ɓangaren hayaƙi. Aikinta shi ne in iska ta kai iyakar da aka tsara, ta buɗe ta bar wani hayaƙin ya zagaye fanka, don kada ƙarfi ya yi yawa. Wani ɗan gwangwani mai sifirin a ciki shi ke riƙe ta a rufe ta hanyar siririn sanda. In sandan ya fice daga maƙalinsa, ko tsatsa ta kama ƙofar a buɗe, ko sifirin ya gaji, hayaƙi zai riƙa wucewa a banza, iska ta ragu. Ana gwada shi da famfon keke mai ma'auni: a tura iska kaɗan cikin gwangwanin, sanda ya fita sumul, a saki ya koma da kansa. Manyan motoci da taraktoci da dama ba su da wannan ƙofa ko kaɗan, kada a ɓata lokaci ana nemanta.

A nan akwai wata muguwar dabara da ta yaɗu: a ɗaure sandan da waya don ƙofar ta daina buɗewa. Mota takan yi ƙarfi kwana biyu, direba ya yaba wa makanike. Bayan haka gaskit ɗin kan inji ya ƙone, ko fistin ya fashe, ko fanka ta wuce gudun da za ta iya ta tarwatse.

In mai ne ba ya isowa

An ce a sama mota marar ƙarfi kuma marar hayaƙi mai take nema. Dalili shi ne abin zagaye yake: mai kaɗan, wuta kaɗan, wuta kaɗan, hayaƙi kaɗan, hayaƙi kaɗan, fanka ba gudu, sai ma'auni ya nuna iska ta ragu alhali tabo lafiyarsa ƙalau. Tun da man gas ya yi tsada a 2022, masu mota da yawa suna sayen na jarka duk inda suka ga rangwame, wani da ruwa, wani da datti. A canza matacin mai, a zubar da ruwan da ya taru a ƙasan kofinsa, a duba ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki da ragar da ke bakin bututun cikin tanki.

Injekta famfo na injin tabo yakan zo da wata 'yar hula a samansa, wadda siririn tiyo ke kawo mata iska daga bututun shiga. Ta nan famfo ke sanin tabo ya fara turo iska, sa'an nan ya ƙara mai. In wannan ɗan tiyo ya tsage ko ya toshe, famfo ba zai taɓa ƙara man ba. Tiyon bai fi kaurin fensir ba, amma yana iya mai da gingimari kamar amalanke.

Sai a zo kan tabo

In duk waɗannan sun fita, a kashe inji, a cire makulli a sa aljihu, a bar ƙarfe ya huce. Ba a kai hannu ko tsumma bakin tabo inji na aiki, ko da wasa. A cire tiyon shiga, a haska fanka. Fukafukanta su kasance da kaifi, babu gutsurewa, babu lanƙwasa. A juya ta da yatsa, ta juya sumul. A ɗaga ta sama da ƙasa: ɗan motsi kaɗan ba laifi ba ne, don gurbin mai ne, muddin fanka ba ta taɓa jikin ɗakinta. A ja ta ciki da waje: nan kusan kada a ji motsi. In tana kai da kawowa, ko an ga sawun guga a bangon ɗakin, to yanzu kam tabo ya tafi.

Ɗan shafen mai a tiyo ba komai ba ne. Mai da ya taru har yana zuba shi ne abin tsoro, amma ko shi ba kullum laifin tabo ba ne. Bututun da ke mai da mai cikin inji in ya toshe, mai ba shi da hanya sai ta fanka. Mataci da ya toshe yana sa tabo ya zuƙo mai daga cikinsa. Injin da ya gaji, mai wuyar tashi da safe, mai fitar da hayaƙi ta bakin zuba mai, shi ma yana tura mai cikin tiyoyi, kuma sabon tabo ba zai warkar da shi ba.

Direban motar gas ya san wannan haɗari: in baƙin mai ya yi yawa a hanyar iska, inji yana iya kama shi ya riƙa ƙonawa kamar gas. Sai ya yi ta hawa da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, a kashe makulli ya ƙi mutuwa. In haka ta faru, a sa babbar giya, a danne birki, a saki kuloci don inji ya shaƙe. Ko kuma a rufe bakin shigar iska da katako mai faɗi. Ba da tafin hannu ba, ba da riga ba.

Motocin zamani da motocin tsere

Sababbin motoci suna da kwamfuta da ke lura da iskar tabo. In ta ga abin bai yi daidai ba, sai ta kunna fitila a gaban direba ta rage wa inji ƙarfi da gangan don ta cece shi. Ana jona na'urar bincike a karanta lambar laifi. P0299 ita ce ke cewa iskar tabo ba ta kai yadda ake so ba. Amma lambar ba ta ce tabo ya mutu ba, ciwon kawai ta faɗa. Bincike na nan yadda aka bayyana, sai ƙarin abu uku: ɗan ma'aunin da ke gaya wa kwamfuta ƙarfin iska yana iya toshewa da datti; bawul ɗin da ke mai da wani hayaƙi cikin inji yana iya maƙalewa a buɗe; wasu tabo kuma suna da ƙananan fukafukai masu motsi a ɓangaren hayaƙi waɗanda kunkunniya ke kamawa. Irin waɗannan sau da yawa wanki suke so.

Ƙananan motocin fetur ma sun bi sahu. A Amurka an fara sayar da masu tabo a 1962. A 1975 kamfanin Porsche na Jamus ya fito da motar tsere mai tabo wadda ita ma 911 ake kiranta, takwarar gingimarin hatsi, ko da yake ko buhu biyu ba za ta ɗauka ba. Honda Accord ta 2018, irin wadda ake shigo da ita ta hannu, da tabo ta zo. Tsohuwar motar tsere in ta rasa ƙarfi, a Jamus take ko a Katsina, hanyar binciken ɗaya ce da ta kanta. Abin da ya ƙaru shi ne tarin siraran tiyoyi da shekaru ke busarwa, da wani bawul da ke sakin iska in an ɗaga ƙafa daga totur, wanda robarsa in ta yage sai ya riƙa sakin iskar kullum.

In dole sai an canza

Tabo ba ya cika mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi: da yashi, ko da rashin mai, ko da dattin mai, ko da zafi. In aka ɗaura sabo ba a gano abin da ya kashe na da ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba. A canza baƙin mai da matacinsa da matacin iska. A cire siririn bututun da ke kawo wa tabo mai, a wanke shi ko a sa sabo, don ƙonannen mai yakan daskare a cikinsa. In tsohuwar fanka ta farfashe, a wanke duk tiyoyi da lagireton iska, kada gutsuren ƙarfe ya rage. A gwada lambar da ke jikin ɗan allon tabo da ta wanda za a saya, don kama da wane ba ta wane. Na hannu kuma a yi masa gwajin yatsa a gaban mai shago kafin a biya. Kafin a tashi inji, a ɗura mai mai tsabta a bakin shigar mai na tabo, a juya fanka da yatsa, sa'an nan a bar inji a silo na 'yan mintoci.

Sauran aikin na direba ne. Da safe in an tashi mota, a ba ta kamar minti 1 kafin a taka totur, don mai ya iso sandar fanka. In an dawo daga doguwar tafiya da kaya, ko tarakta ta fito daga gona, kada a kashe nan take. Da an kashe inji mai ya daina zagayawa, alhali ƙarfen yana da zafin ɗaruruwan digiri, sai ɗan man da ya rage a ciki ya soye ya zama gawayi. A bar shi a silo minti 2 ko 3. Al'adar nan ta taka totur sau biyu da ƙarfi sa'an nan a murɗa makulli, wadda yaran mota ke koya daga iyayen gidansu a tasha, ita ce mafi muni: tana barin fanka tana gudu a daidai lokacin da mai ya yanke mata.